Ƙurar Galiyam Oksaid da Huhun Ma'aikaci

  

Yau za mu tattauna ne a kan wani sinadari mai suna galiyam oksaid. Sunan baƙo ne a kunnen mutane da yawa. Ku ɗan yi haƙuri, ku ba ni aron kunnuwanku. Kafin mu rabu za ku ga inda maganar ta shafe ku, ko ta shafi wani naku.

Tun daga farko bari in faɗi abin da nake so ku riƙe. Illar wannan sinadari tana cikin ƙurarsa. Huhu yake kamawa, kuma a hankali yake kamawa. Saboda haka, kada a bar ƙurar ta tashi. In kuma ta tashi, kada ta sami hanyar shiga hanci. Wannan shi ne kan maganarmu ta yau, kuma zan maimaita shi.

To, mu fara da sanin ko mene ne shi.

Akwai wani ƙarfe da ake kira galiyam. Wani masani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, shi ya gano shi a shekarar 1875. Ƙarfe ne mai ban mamaki. Yana narkewa a zafin da bai kai digiri 30 ba. In ka ɗora shi a tafin hannunka, ɗumin jikinka ya isa ya narkar da shi. A Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, ko hannu ba ya buƙata, a kan tebur zai zama ruwa. Ba a haƙo shi shi kaɗai a rami. Ana tsamo shi ne wajen tace ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, irin wanda ƙasar Gini take fitarwa da yawa. Kusan duk ɗanyen galiyam da duniya take amfani da shi a yau, daga ƙasar Sin yake fitowa.

Idan wannan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, sai a sami galiyam oksaid. A nan halinsa ya canza gaba ɗaya. Ya zama gari, fari fat kamar garin sitaci. Ba shi da wari. Ba ya kamawa da wuta. Ba ya narkewa a ruwa. Kafin wuta ta narkar da shi kuwa, sai zafi ya wuce digiri 1,700.

Me ya sa duniya ta damu da shi? Saboda yana iya ɗaukar wutar lantarki mai ƙarfi ƙwarai ba tare da ya lalace ba. A shekarar 2012 masana a Japan suka ba da sanarwar cewa sun ƙera tiransista da shi, wato ɗan ƙaramin makunnin da ke sarrafa wuta a cikin na'ura. Daga nan aka shiga rige-rige. Ana sa ran zai yi amfani a motoci masu aiki da lantarki, da na'urorin wutar sola, da kayan soja. Har ta kai a shekarar 2022 Amurka ta sa shi cikin kayan da take sa ido a kan fitar da su waje. Shekara guda bayan haka, Sin ita ma ta ɗaure fitar da galiyam da sharuɗɗa. Tuni ma ana gauraya shi da wasu sinadarai biyu, indiyam da zink, a yi shimfiɗar da ke bayan gilashin wasu wayoyi da kwamfutoci.

Kun ga ke nan, abu ne da amfaninsa yake ƙaruwa. Duk abin da amfaninsa ya ƙaru, hannayen da ke taɓa shi su ma ƙaruwa suke. Waɗannan hannaye na mutane ne, masu iyali, masu huhu.

To, yanzu mu juya ga batun lafiya.

Zan fara da abin da ke kwantar da hankali, domin ba na so in tsorata kowa a banza. Galiyam oksaid ba guba ce mai kashewa nan take ba. In ya taɓa fata, galibi abin da zai biyo baya bai wuce ƙaiƙayi ko ɗan ja ba. In ya faɗa ido, zai yi zafi, ido ya yi ja, ya zubar da hawaye. In aka haɗiye ɗan kaɗan bisa kuskure, yawancinsa wucewa yake, domin hanji ba ya tsotse shi sosai. Wayar da ke aljihunka ba za ta cuce ka da shi ba. Abin da ke cikinta ɗan mitsitsi ne, a rufe yake, kuma ba gari ba ne.

Amma wannan sauƙin nasa shi ne abin da ya fi damuna. Abin da ke ƙona hannu, kowa yana tsoronsa. Abin da ke wari, kowa yana toshe hanci. Shi wannan ba ya ƙuna, ba ya wari. Sai mai aiki ya sake. Sai ya buɗe kwalba a gaban fanka. Sai ya hure abin da ya zube a kan tebur da bakinsa. A nan ne matsalar take farawa.

Ku bi ni mu shiga cikin huhu. A can ƙarshen hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan jakunkuna ƙanana ƙwarai, miliyoyinsu. A cikinsu ne iskar da muka shaƙa take ratsawa zuwa jini. Ƙura mai kauri ba ta isa can, gashin hanci da majina suna tare ta, mu yi atishawa ko tari ta fita. Ƙura mai laushi, wadda ido ba ya gani, ita ce ke isa har ƙasa. Allah cikin ikonSa Ya sa wasu ƙwayoyin halitta a wurin, aikinsu shara. Suna haɗiye duk baƙon abu, su narkar da shi ko su fitar da shi. To, galiyam oksaid ba ya narkewa da sauƙi. Ƙwayar ta haɗiye shi, ta kasa narkar da shi, ta mutu. Wata ta zo ta haɗiye, ita ma ta mutu. Wurin ya kumbura. Wani ruwa mai kauri ya taru a cikin jakunkunan. A kwana a tashi, wurin ya yi tabo ya taurare. Huhun da ya yi tabo kuwa ba ya komawa yadda yake.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 1988 wasu masu bincike a Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa ɓeraye sun shaƙi ƙurar galiyam oksaid na tsawon mako huɗu. Daga nan suka daina, suka ci gaba da lura da su wata da watanni. Abin da suka gani shi ne, ɓarnar ba ta tsaya ba don an daina shaƙar ƙurar. Ci gaba ta yi. Huhun ya kumbura, ya tara ruwa mai kauri, ya yi tabo. Masu binciken sun kwatanta ƙarfin illar da na ƙurar dutse, irin wadda ke lalata huhun masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai.

Ku lura da wannan da kyau, masu sauraro. An daina shaƙa, amma ciwon bai daina ba. Shi ya sa nake cewa a hankali yake kamawa.

Wani zai ce, ai ɓera ne, ba mutum ba. Haka ne. Yawancin abin da aka tabbatar a kan wannan sinadari daga gwajin dabbobi ya fito. Amma bari in ba ku labarin wani maƙwabcinsa, ku yi hukunci da kanku.

A jadawalin sinadarai, indiyam yana ƙarƙashin galiyam kai tsaye, gidansu ɗaya. Ana yin wani haɗi da shi da kuza, wanda ake shafa wa gilashin talabijin da na waya. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa abu marar illa. Sai ga wani saurayi a Japan, ma'aikaci a wata masana'anta, aikinsa goge faifan wannan haɗi. Kimanin shekara uku ya yi a kan aikin. Ya fara tari, numfashi ya fara yi masa wuya. Da likitoci suka duba, suka tarar da ƙurar indiyam a cikin huhunsa. Ya rasu a shekarar 2001. Bayan an wallafa labarinsa a 2003, sai aka fara duba sauran ma'aikata, a Japan da Amurka da Sin. Aka sami wasu masu irin ciwon. Sai bayan haka aka tsaurara dokoki.

Indiyam daban, galiyam daban, ban ce abu ɗaya ba ne. Amma irin ɓarnar da aka gani a huhun waɗancan ma'aikata ta yi kama da wadda aka gani a huhun ɓerayen nan. A ganina, wannan ya isa gargaɗi. Bai kamata a jira sai an kai wani saurayi kabari kafin a ɗauki galiyam oksaid da muhimmanci ba.

Akwai wani abu da zan ƙara a nan. Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ba ta ware wa galiyam oksaid wani ma'auni nasa na kansa ba, wato iyakar ƙurar da aka yarda ta kasance a iskar wurin aiki. Wasu masu kamfani sukan fake da irin wannan. Su ce, ai doka ba ta ce komai ba. Ni ban yarda da wannan hujja ba. Shirun doka ba shaidar lafiya ba ne. Sau da yawa doka tana zuwa ne a makare, kamar yadda muka gani a labarin indiyam.

To, mu ɗan leƙa dangin galiyam oksaid, domin sunayen suna kama, kuma ruɗewa tana da haɗari.

Akwai galiyam asenaid. Shi wannan haɗin galiyam ne da asenik, kuma asenik tsohuwar guba ce da aka daɗe da sani. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta sa shi cikin rukunin abubuwan da ke haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Ana samun ɗan kaɗan daga cikinsa a sassan waya masu aika saƙo. Akwai kuma galiyam naitaraid, wanda ke cikin ƙwan fitila na zamani da wasu caja masu saurin cika batir. Akwai galiyam naitaret, wanda aka yi amfani da shi a matsayin magani ga masu ciwon daji, kuma an san yana iya taɓa ƙoda in ba a kula ba. Shi kansa ƙarfen galiyam yana cin alminiyam, ya ruɓar da shi har ya riƙa ɓarewa a hannu, shi ya sa ake da tsauraran ƙa'idoji wajen ɗaukarsa a jirgin sama. Abin da nake so ɗalibi ya ɗauka a nan guda ne. Karanta sunan da ke jikin kwalba har ƙarshe. Kada ka ga galiyam ka tsaya.

Yanzu mu zo ga babban batu, wato yadda za a yi aiki da shi lafiya.

Mataki na farko ba takunkumi ba ne. Mutane da yawa suna zaton da an ɗaura takunkumi an gama. A'a. Mataki na farko shi ne hana ƙurar tashi tun asali. A ɗakin gwaje-gwaje akwai akwatin aiki mai zuƙe iska, mai ƙofar gilashi. A cikinsa ake buɗe kwalba, a cikinsa ake awo. Ka sauke gilashin ƙasa, hannuwanka kawai ke ciki, fuskarka tana waje. Ka ɗebi garin da ɗan cokali a hankali. Kada ka zazzage shi daga sama. Da ka gama, ka rufe kwalbar ruf, ka goge bayanta. In an ɗauke wuta, akwatin ya daina zuƙa, to aiki ya tsaya. Wannan abu ne da ɗalibanmu suka sani sarai, domin ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a makarantunmu. Akwatin da ba ya zuƙa, kabad ne kawai. Ka jira wuta ta dawo.

A masana'anta kuma, inda ake yanka sinadarin da goge shi, ana yin aikin ne da ruwa don ƙura ta kwanta. Wannan daidai ne. Amma akwai tarko a ciki. Ruwan da ya fantsama a ƙasa ko a jikin inji, in aka bar shi ya bushe, gari yake komawa. Ƙafa ta taka, iska ta ɗauka. Don haka a goge shi tun yana da danshi.

Idan ya zube fa? Nan ne al'adarmu take iya cutar da mu. Mu da mun ga abu ya zube, tsintsiya muke nema. To, a nan tsintsiya haramun ce. Tsintsiya tana ɗaga ƙura ne, ta kai ta daidai hancin mai shara. Haka ma hurewa da baki, ko da famfon iska. Abin da ake yi shi ne, a kashe fanka, a fitar da waɗanda ba ruwansu da aikin. A jiƙa tsumma ko takarda, a lulluɓe garin, a naɗe shi a hankali. A zuba a leda mai kauri, a ɗaure, a rubuta sunan abin da ke ciki. Ba a zubar da shi a kwata, ba a kai shi bola. Ana miƙa shi ga masu kula da sharar sinadarai. Ina so shugabannin makarantu da kamfanoni su ji wannan. Mai shara ma a sanar da ita. Sau da yawa malami ya sani, ɗalibi ya sani, amma baiwar Allah da ke zuwa da asuba da tsintsiyarta ba wanda ya gaya mata komai. Ita ma huhu gare ta.

Bayan duk wannan ne kayan kariya suke shigowa. Safar hannu ta roba. Tabarau mai rufe gefen ido. Rigar aiki mai dogon hannu. Sai takunkumi, amma ba kowane iri ba. Ƙyalle ko takunkumin asibiti mai laushi ba ya tare irin wannan ƙura. Ana buƙatar mai matata, irin wanda ake kira N95, ko wanda ya fi shi ƙarfi. Kuma sai ya manne da fuska sosai. In akwai kafa a gefen hanci ko kumatu, iska ta nan za ta bi. Masu gemu su sani, gemu yana hana shi mannewa. Akwai wani nau'i mai rufe kai gaba ɗaya, mai turo tatacciyar iska, shi ya dace da su. Hakkin mai kamfani ne ya samar da shi.

Kada a ci, kada a sha, kada a tauna goro a wurin aikin. A wanke hannu da sabulu kafin a fita. Rigar aiki kuma a bar ta a wurin aiki.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan na rigar, domin mu mun ga abin da ƙura take yi in ta bi mutum gida. A shekarar 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Iyayensu ba su yi nufin cutar da su ba. Dutsen zinariya suke niƙawa a cikin gida. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, a tufafi, a hannun yaro mai rarrafe. Dalma ta fi galiyam oksaid muni nesa ba kusa ba, wannan ba shakka. Amma hanyar da ƙura take bi guda ce. Daga wurin aiki zuwa riga, daga riga zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa ga yaro.

To, idan tsautsayi ya faru, me za a yi?

In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta, ana ɗauraye shi kamar minti 15, kuma kada a murza. In fata ce, ruwa da sabulu. In an haɗiye, a kurkure baki, kada a tilasta amai, a nemi likita. In an shaƙa, a fita wurin iska, in numfashi ya yi nauyi a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. A tafi da sunan sinadarin a rubuce. Kowane sinadari da aka saya ta hanyar ƙa'ida yana zuwa da takardar bayanin kariya. A nemi wannan takarda, a karanta ta tun kafin a buɗe kwalba.

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin masu aikin ƙura, cewa shan madara yana wanke ƙirji. 'Yan'uwa, madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya. Ƙura kuwa huhu ta tafi. Ba sa haɗuwa. Madara ba ta wanke huhu, manja ma ba ya yi.

Duk wanda ya daɗe yana aikin ƙura, kowace iri ce, ya ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko yana haki a tafiyar da da ba ta gajiyar da shi, to ya je a duba shi. Kuma ya gaya wa likita sana'arsa dalla-dalla. Ciwon ƙura yana kama da tarin fuka a alamu, har a hoton ƙirji ma yakan ruɗar. In likita bai san aikinka ba, yana iya bin wata hanyar daban.

Kafin mu rufe, ina da magana da 'yan'uwanmu masu gyaran waya, da 'yan gwangwan masu tara matattun kayan lantarki. Ku ba za ku haɗu da farin garin nan a kwalba ba. Amma allunan da kuke fasawa suna ɗauke da danginsa, har da mai asenik ɗin nan, ga kuma dalma, ga hayaƙin roba. Muddin allon yana nan lafiyayye, babu damuwa. Daka shi da ƙona shi ne ke sakin abin da ke ciki. Don Allah a daina ƙona su, musamman a cikin unguwa. A daina sa yara su daka su.

Jama'a masu sauraro, in kuna da ɗa ko 'ya da ke karatun kimiyya, a nan gida ko a ƙasar waje, ko wani naku da ke aiki a masana'antar kayan lantarki, ku tambaye shi yau. Da wane sinadari kake aiki? An ba ka takardar bayaninsa? Akwatin zuƙe iska yana aiki? A ina kake barin rigarka? Ku kuma malamai da masu kamfani, lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinku amana ce a wuyanku. Ku gyara na'urar zuƙe iska, ku sayi takunkumi na gaske, ku koya wa kowa har da mai shara. Kada a bar ƙurar ta tashi, in ta tashi kada ta shiga hanci.

 Allah Ya tsare mana lafiyarmu, Ya albarkaci sana'o'inmu.